Mildred da Injin da Ba a Kashewa

A bakin gadon asibiti suka ƙulla cinikin. Dickson mai gyaran kwamfuta, numfashi na fita da ƙyar, ya ce wa Mildred, 'yar ƙanwarsa: "Kayan shago duk naki ne. Amma tsohon injin nan na lungu, kada ki bari ya mutu. In ya mutu ba ya tashi."

"Har yaushe, Kawu?"

"Har ki samu wawa irinki."

Ta yi dariya ta yarda. Bai kai Lahadi ba.

Abin da ta gada tare da injin shi ne kula da dibaga, wato manhajar da ke tare wata manhaja tana cikin tafiya, kamar yadda ake tare tirela a shingen garin Jere, a buɗe kaya a ga inda ɓarna take. Kowane irin inji da tasa dibagar. Irin na Dickson an daina ƙera shi, kuma masu kula da harshen kwamfutar da dibagar ke cikinsa sun faɗa a fili: ranar da aka rasa inji mai rai da za a yi gwaji a kai, za su goge sashen dibagar irin wannan injin. Masu tsofaffin na'urori a ko'ina su yi ta kansu.

Kullum da safe takan duba batir, ta kaɗe ƙura, ta ɗinke abin da sauye-sauyen wasu suka yaga a dibagar. Fankar injin kuwa tana ja tana saki, sak ƙirjin marigayin. Masu wucewa suka fara sauya hanya.

Da aka gama makoki, Mama Milka, mai gidan da shagon yake ciki, ta zo da matan zumunta.

"Ɗiyata, mutumin nan bai tafi ba! Ni na ji shi da kunnena. A sunan Yesu, yau za mu cire waya."

Mildred ta tare soket da bayanta. "Mama, ku yi addu'arku, zan ce amin. Waya dai a'a."

"To ki kwashe shi daga gidana."

Ta kwashe. Duk Kafanchan an gani da rana tsaka: inji a baro, batir a gefe, wayoyi na lilo kamar ƙarin ruwa, yana numfashi, tana turawa a hankali. Wani ya cire hula.

Ke ce, Mildred, mai jinyar abin da ba ya gode wa kowa. An kira ki aiki Abuja kika ce marar lafiyarki ba ya jure tafiya. Mun gode. Matasa, in an ba ku amana ku riƙe ta haka.

Wa ya ci riba? Mutanen da ba su san sunanta ba, na'urorinsu na nan suna aiki. Mama Milka ma ta samu barci. Wadda ta yi asara Mildred ce: ko Kirsimeti ba ta kwana a ƙauye, kuma a ɗakinta injin yake yanzu, kusa da gado.