Gaida huhu

A shekarun da nake dakon goro a tashar jirgin Agege, ba mai cewa bayansa na ciwo. Duk wanda maigida ya ji ya furta haka, an sallame shi ke nan, sai ya koma Arewa. Ni kuwa a nan aka haife ni, ga mata da 'ya jaririya a ɗaki ɗaya. Ina zan koma?

Wata Laraba na sunkuya zan ɗaga huhun goro, sai na ji abu ya tsarga min a ƙugu. Na ɓoye ciwon. Na sayi rawani na ɗaure cikina tamau a ƙarƙashin riga, yadda muke yi duka. Kwana huɗu ina fama, har ruku'u ya gagare ni.

Kawuna, tsohon soja ne da ya dawo daga yaƙin Boma da ɗingishi, shi ya gane ni a masallaci.

"Kai, wannan sallar gurguwa fa?"

Na ce wanzami zan je ya yi min ƙaho.

"Ƙahon me? Gobe ka hau jirgi zuwa Ikko, cikin birnin Legas. A asibitin da aka koya min tafiya akwai ɗakin masu gyaran gaɓoɓi. Kada ka tsaya ko'ina, can za ka miƙe tun abin bai yi jijiya ba."

Wani Bayarabe na tarar a ɗakin, siriri, mai Hausar barikin soja. Ya sa na kwance rawanin, ya danna nan, ya danna can, ya ɗaga ƙafata. Ina jiran allura, sai ya jawo buhun yashi ya ce, "Oya, ɗauka yadda kake ɗauka."

Na sunkuya da ƙafafu a miƙe, irin ta maza.

"A'a. Durƙusa. Rungume shi. Tashi da cinya."

Raina ya ɓaci sosai. Na baro aiki na zo har nan, a ce maganina durƙuso? Ya nuna min wasu motsi na safe, ya hana ni kwanciya wuni, ya ce rawanin nan in mayar da shi kai inda ya dace.

Ranar da na fara durƙusa wa huhu a tasha, 'yan dako suka kwashe da dariya. Wani dogo, wanda ya fi kowa ƙarfi a cikinmu, ya ɗaga murya: "Jama'a, ku zo ku ga mai gaida suruki! Ka tambaye shi ya gajiya?" Sunan ya bi ni. Na ji kunya ƙwarai, amma na tuna jaririyata, sai na ci gaba. Kafin sati uku na yi ruku'u lafiya lau, maigida bai taɓa sanin komai ba.

Shekara ashirin na ƙara ina gaida huhu. Da wannan bayan na aurar da 'yar tawa.

Dogon nan har yanzu sahu ɗaya muke, amma a zaune yake salla. Ba na masa dariya, tausayi yake ba ni. Mutumin asibitin kuwa sau biyu kacal na gan shi, ko sunansa ban tambaya ba don haushin rashin allura. Duk asuba in na ɗago daga ruku'u ba tare da na dafa bango ba, sai na tuna shi. Allah ya saka masa da alheri.