Jan Fenti a Ƙofar Gidanmu

Na daɗe ban ce komai a nan ba. Jiya na ji ana gardama a rediyo kan ɗibar ruwan kwata don a gwada ko akwai ƙwayar cuta, sai wani tsohon ciwo ya taso min.

Ina budurwa lokacin, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, muna unguwar Abbaganaram. Zazzaɓi ya kayar da ni, kai kamar ana sara, ga gudawa har da jini. A asibiti likita ya ce taifot ne. Mu da yawa ne daga layinmu, wasu ba su koma gida ba.

A zamanin bokiti ake sawa a masai, masu kwasa su zare ta bayan katanga. Ashe duba-gari na bin su gida-gida, yana ɗiba a kwalba. Ba wanda aka tambaya.

Kwalbar gidanmu ce ta nuna. Aka gwada kowa, aka ce Innata ke ɗauke da cutar, alhali ko mura ba ta yi. Ɗanwake take sayarwa, duk layin sun ci daga hannunta.

Ba a kira ta gefe ba. A ƙofar gida duba-gari ya faɗa, gaban jama'a, ya shafa jan fenti.

Baba ya ce, "Malam, bayan gidanmu ma ba sirri ba ne?"

Ya ce, "Yara ake binnewa a layin nan."

Wallahi gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ci min rai ke nan.

Aka hana Inna shiga wurina a asibiti. Na ƙi cin komai, allura safe da yamma, gashina na zubewa. Ni dai Inna nake kira, na riga na sadakar mutuwa zan yi ban taɓa ta ba.

Wata nas 'yar Biu ta ɗago kaina ta ce, "'Yata, dubi taga. Tun safe Innarki take tsaye, ta ce ba za ta tafi ba sai kin sha kunun nan."

Na sha ina kuka. Daga nan na fara tashi.

Alhamdulillahi na warke. Na gode wa nas ɗin, har duba-garin ma na yafe masa. Ku tafasa ruwa, ku wanke hannu, zazzaɓi ya daɗe ku je asibiti. Ku kuma masu gwaji, ku gwada, amma ku yi sallama, ku faɗa wa mutum a ɗaki.

Inna ta sha magani, likita ya ce ta rabu da cutar. Amma har ta rasu ba ta ƙara miƙa wa kowa abinci ba, ko jikokinta.