Karfasa a Kwatarniyar Inna

Wata Alhamis ce a ƙarshen damina, shekarar da nake aji huɗu, wanda daga shi ban ƙara gaba ba, na shigo gidanmu na Ketare da laka har gwiwa da karfasa tara a tsohon kwano. An fara yankan gero, amma mu yara maimakon mu bi manya gona sai muka zarce tafkin bayan gari da wani yagaggen gidan sauro. Sauran yara suka hura wuta da kara suka gasa rabonsu nan take. Ni na ƙi. Na tsaya kallon nawa suna buɗe baki suna rufewa, jikinsu da zane-zane kamar an ja da gawayi, sai na ji ba zan iya ci ba. Har yau ban san dalili ba, don ni ba wani mai tausayi ba ne.

Akwai wata babbar kwatarniya a gindin darbejiyar tsakar gidanmu, da can ita ake ba tumaki ruwa, da bakinta ya ɓalle aka yar da ita. Na wanke ta, na zuba yashi a ƙasa, na cika ta da ruwan rijiya, na juye kifina. Daga ranar aikina ya ƙaru. Da safe in yi ciyawar tumaki, in ɗebo ma Inna ruwa tulu huɗu, sannan in bi gindin danga ina tonon gara da tana, in haɗa masu da dussa. A makaranta ana koya mamu lissafi, ni hankalina na kwatarniya. Har langa na daina tsayawa yi in an tashi, sai dai in zari allon kwalina in ruga gida.

Kwana ukku aka yi lafiya. A na huɗu babban cikinsu ya canza. Ya yi baƙi ƙirin, maƙogwaronshi ya yi ja, ya tona rami a yashin da bakinshi ya tsaya a kai. Duk wanda ya gitta sai ya bi shi da cizo. Na sa mashi suna Hedimasta, don shi ma namu haka yake tsayawa bakin ƙofar makaranta da tsumagiya. Abin ya zame mani abin dariya har safiyar da na iske ɗaya yana yawo bisa ruwa, ciki sama, wutsiya a yayyage. Inna ta zo wucewa da ƙwaryar tsaki, ta leƙa, ta ce, "Lawwali, ni ba na kallon abinci yana ruɓewa a gidana. Wani ya ƙara mutuwa, sauran duka miyar kuka za su." Inna kuwa in ta faɗi magana ba ta maimaitawa.

To ni abin da na sani shi ne na raguna. A gidanmu in raguna suka fara karo, raba su ake yi, a rage masu yawa a turke. Sai na yi haka. Na kwashe biyar na rarraba ma abokaina, na bar Hedimasta da wasu biyu, wai wuri ya yi faɗi kowa ya sake. Ashe na ƙara ɓata lamarin ne. Da can dukan yana rabuwa kan mutum bakwai, yanzu ya koma kan biyu. Kafin la'asar ƙaramin cikinsu ya manne a gefe, can sama, fiffike duk a tsattsage, yana numfashi da ƙyar. Na samo karan dawa na riƙa tsokanar Hedimasta, na ga ko a jikinshi, har karan yake kai ma cizo. Na kamo shi na jefa a ƙwarya shi kaɗai, na ce to ɗaurin talala ya same ka. Kafin in dawo daga kai tumaki kiwo, na biyun ya yi baƙi, ya haye ramin, ya ɗora daga inda maigidanshi ya tsaya. Inna tana daka tana kallona, ta ce, "Ka gaya mani da wuri dai, in san yawan daddawar da zan sa."

Da yamma Baba ya dawo daga kasuwar Yankara. Dillalin shanu ne, mutum ne da bai cika magana da yara ba, in ba aike ba. Ya iske ni tsugune na haɗa kai da gwiwa, sai ya jingine sandarshi ya tsuguna shi ma. Ya daɗe yana kallon ruwan, har na zaci faɗa zai yi mani kan gona. Sai ya ce, "Kai, ka taɓa ganin bajimai na faɗa a kara ranar kasuwa? Ga su nan birjik, kafaɗa da kafaɗa, amma kowa baƙo ne, ba wanda ke da wuri. Ka bar biyu a garke guda ka gani." Ya ce in ƙaro kifi, in baje ramin nan, in sa masu abin da zai tare ido kada su riƙa ganin juna, shi kuma azzalumin in maida shi daga ƙarshe, ya shigo a baƙo. Ya ɗauki sandarshi ya shige turaka.

Washegari ban je makaranta ba, kuma na sha bulalar hakan daga baya. Na bi gidajen abokaina neman kifina, na iske ukku sun riga sun shiga ciki, biyu kawai na samo, su ma sai da na ba da ƙwallon tsummana. Na koma tafki na kamo biyar. Na je jujin bayan gidan masu ginin tukwane na kwaso tsingaro da wuyan fasassun tuluna, na kifa su a kwatarniya, na jera duwatsu tsakani, ta koma kamar unguwa mai lunguna. Sannan na juye Hedimasta. Ya yi ta zagaye yana neman raminshi bai gani ba. Ya kori wannan, wannan ya shige wuyan tulu, ya juyo kan wancan, wasu ukku suka gitta gabanshi ya rasa wanda zai bi. Kafin azahar ya gaji, ya kama tsingaro ɗaya ya zauna, bai fi tafin hannu ba mulkin nashi.

Wahalar sai ta dawo kaina, don kifi da yawa ruwa ba ya kwana biyu bai yi wari ba. Kullum ina rage rabi da ƙoƙo ina zuba ma barkonon Inna, ina jawo sabo a rijiya, har tafina ya yi kanta da igiyar guga. Kowace safiya Inna sai ta leƙa ta ƙirga da yatsa. Goma ne, goma ne, har ƙaramin nan wutsiyarshi ta tsiro. Ba wanda ya ƙara mutuwa. Da bazara ta yi tsanani rijiya ta ja baya, ni da kaina na kai su inda ruwa ya rage a tafki na sake su.

Yanzu ina Ƙanƙara, ina dakon buhuna a kasuwar hatsi, bayana ya gaji. Baba ya rasu, hanyar tafkin nan kuwa ba kowa ke binta ba a wannan zamani, kowa ya san dalili. Ɗiyana kifi a waya suke ganin shi, cikin akwatin gilashi da fitila. Inna tana wurina, ido ya yi rauni amma bakin na nan. Kwanaki na tambaye ta ko da gaske za ta dafa su. Ta yi dariya har da tari, ta ce, "Allah ne ya so ka, ɗan nan. Har kukar na tankaɗe." Muka yi ta dariya mu biyu a tsakar gidan haya. Wancan lokaci, duk tashin hankalina bai wuce bakin kwatarniya ba.