Dutsen Hilda

Winnie Raistrick ba ta taɓa aure ba, yayarta Hilda ma haka. Shekara saba'in da shida suna gidan dutsen da ubansu ya bari a ƙauyenmu, gidan kuwa da sunan Hilda yake. Winnie ce kukun makarantar firamare a da. Rabin ƙattin garin nan dankalinta ne ya raine su.

Hilda ta rasu a watan Fabrairu. A nan ba a kafa dutse a kan kabari sai ƙasa ta zauna, shekara guda ke nan. Winnie ta rantse ba za ta taɓa wata takardar gado ba sai an kafa wa Hilda nata. Duk ambulan da ya zo sai ta cusa shi bayan agogo.

Su kuwa masu harajin gado ba ruwansu da zaman ƙasa. Wata shida suke bayarwa, daga nan kuɗin ruwa ya fara hawa, har ranar Lahadi ba ya hutawa.

Kwana uku da kafa dutsen, baƙi mai sheƙi wanda ya cinye duk ajiyarta, ta kwashi takardun ta kai wa lauya Clive Hebden.

"Anti Winnie, me ya hana ki zuwa tun bara?"

"Kai Clive, rufe mini baki, ni na share maka majina. Gidan ubana ne, ba sayarwa zan yi ba."

"Da mijinki ne ya mutu ya bar miki, ko kwabo ba za su karɓa ba. 'Yar'uwa kuwa sai ta biya. Kuma 'yan birni sun sa gidajen nan sun yi tsada, harajin ma ya ƙaru."

"Wato laifina shi ne ban auri wani mashayi ba?"

Bai yi dariya ba. Ya ce da ta zo da wuri, da ajiyarta ta biya kashin farko, sauran a riƙa lallaɓawa shekara-shekara. Yanzu ajiya ta zama dutse, ga kuɗin ruwa ya taru a kai, fanshon kuku kuwa ko gefensa ba zai taɓa ba.

Dole aka sa gidan a kasuwa, wasu mata da miji daga birnin Leeds suka saya. Ƙarshen mako kawai suke zuwa, bishiyar tuffar Hilda ma sun sare ta don motarsu ta sami wuri.

Winnie tana wani ɗaki a gidan tsofaffi na garin Skipton. Ranar Alhamis takan hau bas ta zo ta wanke dutsen da tsumma. Ta sa an rubuta sunanta a ƙasan na Hilda, an bar gurbin shekarar mutuwa.

"Wannan kam an biya shi tsaf," in ji ta. "Su zo su fitar da ni mu gani."