Mun Kai Takwarar Inna Bauchi

Muna idar da sallar asuba muka kama hanyar tasha, ni da mahaifiyata, wadda muke kira Inna, da 'yata mai shekara ɗaya da 'yan watanni goye a bayanta. An kwana ana ruwa, garin Azare ya yi sanyi, Inna kuwa ta naɗe yarinyar da zani biyu, ga hula ga safa, sai idanu kawai ake gani. Bauchi muka nufa.

Ga waɗanda ba su san gidana ba, maiɗakina tana karatun ungozoma a wata kwalejin koyon aikin lafiya da ke Bauchi, kuma shekararta ta ƙarshe ke nan. Da hutu ya ƙare aka yaye yarinyar da wuri, Inna ta karɓe ta, domin ba a zama da yara a ɗakunan kwanan ɗalibai. Sunan Inna ta ci, shi ya sa kowa a gida yake ce mata Takwara. Tun da uwar ta tafi yarinyar ta ƙi sakewa. Koko sai an yi da gaske take sha, ta rame, kukanta kuwa har maƙwabta sun haddace shi. Can kuma uwar, duk sanda muka yi waya muryarta a shaƙe take. Makon jiya ta ce mini ita ta haƙura da karatun, ta ma haɗa kayanta. Da na gaya wa Inna sai ta ce dama abin da ya kamata ke nan, mu shirya mu je mu taho da ita. Ni raina bai so ba, don na san wahalar da ta sha kafin ta kawo nan. Amma idan na dubi wuyan 'yata yadda ya zama siriri sai in rasa bakin musu.

Kuɗin mota ya haura yadda na san shi bara. Da na yi ƙorafi, direba ya ce in je in kai ƙarar gidan mai, shi ma zai zo ya ba da shaida. Aka ba Inna gefen taga, ni a tsakiya, sai wani dattijon Bafulatani a ɗaya gefen da malafarsa a kan gwiwa. Kafin mu kai Misau Takwara ta miƙa hannu ta ƙwace malafar. Ya bar mata, yana yi mata magana da Fulatanci a hankali kamar wanda yake lallashin maraƙi, sai ga ta tana dariya. Rabon da in ji wannan dariyar har na manta.

Damina ta yi kyau a wannan yankin. Gero ya fitar da kai, gyaɗa ta rufe ƙasa, ko'ina ka duba kore ne shar. Hanyar ce dai sai a hankali. Wani wurin sumul, wani wurin ramuka cike da ruwa, direba yana kauce musu dama da hagu har kanka ya riƙa gaisawa da na maƙwabcinka. A mahaɗar Kari masu talla suka rufe mu da dafaffiyar gyaɗa da gasasshiyar masara. A Darazo muka tsaya aka dama mana fura. Inna ta kurɓa, ta ce an sirka nonon da ruwa, ta yi wa mai furar faɗa sosai, sannan ta shanye kwanon tas.

Da hantsi muka fara hango duwatsun Bauchi, manya-manyan nan da suke kamar wani ne ya ɗora su da hannu, wani a kan wani. Mai keken da ya ɗauke mu daga tasha ya bi da mu ta Fadaman Mada, yana tafe yana jan kunnen Inna da irin Hausar da ake koya a kasuwa: "Mama, ka riƙe yaro da kyau, hanya yana da gargada." Inna ta matso kusa da kunnena ta ce ashe a garin nan kowa namiji ne.

Mun iske kwalejin cike da mutane. Ashe makon ɗalibai ake yi, maiɗakina ba ta ko ambata mini ba saboda hankalinta ba ya wurin. An kafa rumfuna a filin tsakiya, lasifika tana ta tashi. Wasu ɗalibai sun baje kolin sana'o'in da suka koya a gefen karatu, sabulu da turaren wuta da jakunkunan saƙa. Ƙarƙashin wani dogonyaro an ajiye teburin masu ba da shawara, ɗalibi ya zauna ya faɗi damuwarsa ba tare da an ji ba. Can baya kuma malamai suna buga ƙwallo da ɗalibansu, kuma gaskiya tumbin wasu malaman ya riga su isa raga. Rumfar da ta fi cika ita ce ta gwajin lafiya kyauta, wadda aka buɗe wa mutanen gari. Nan aka ce mu duba maiɗakina.

Ni na fara hango ta cikin fararen kaya. Zan ɗaga hannu ke nan Inna ta riƙe mini riga ta ce in tsaya. Wata tsohuwa ce a gabanta, tana tsoron abin awon jinin nan da ake ɗaurawa a dantse, ta ƙi ba da hannu. Maiɗakina ta ɗaura shi a nata hannun, ta matsa ya kumbura, ta nuna mata ba ya cizo, har tsohuwar ta yi dariya ta miƙa nata. Inna ta daɗe tana kallo.

Da maiɗakina ta gan mu ta zo ta durƙusa har ƙasa ta gaishe da Inna, ta tambayi hanya, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Ko sau ɗaya ba ta dubi bayan Inna ba, kunyar 'yar fari ta hana ta. Inna ta kwance goyon ta miƙa mata. Takwara ta dubi farar rigar, ta dubi fuskar, sai ta tsandara kuka ta juya ta ƙanƙame wuyan Inna.

Maiɗakina ta yi murmushi, irin wanda da kuka ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Ba komai, Inna. Ta manta ni ne."

Don ta kawar da zancen sai ta ce bari ta auna Inna tunda an zo. Ta ɗaura, ta duba, ta sake ɗaurawa.

"Inna, jininki ya hau. Kina samun barci kuwa?"

"Wanda Takwara ta rage mini shi nake yi."

Ta je ta kira malamarsu, wata mata 'yar kudu da ta daɗe a Bauchi, kowa yana ce mata Madam. Madam ta sake auna Inna, ta ce a kai ta ƙaramin asibitin makarantar a ba ta magani, ta kuma ce dole ta riƙa hutawa. Sannan ta dubi yarinyar, ta dubi ɗalibarta, nan take ta gane.

"Wannan ne yaron da ya sa kin ce za ki tafi gida? Ba ki gaya wa Mama maganar ɗakin yara ba?"

Maiɗakina ta sunkuyar da kai. A nan muka ji cewa ƙungiyar matan da ke aiki a kwalejin ta buɗe ɗakin reno a cikin wannan makon, an kuma ware wasu ɗakunan kwana a gefe guda don ɗalibai masu goyo. Ta san da maganar tun ana shirinta. Abin da ya gagare ta shi ne ta buɗe baki ta ce Inna ta dawo mata da 'ya, kada ya zama kamar ta raina riƙon da ake yi mata. Barin karatun ya fi mata sauƙi a kan wannan. Ni ma ta ɓoye mini, don ta san ba na iya riƙe magana a gaban Inna.

Madam ta ja mu zuwa ɗakin. Tsohon sito ne aka gyara aka yi masa fenti, an shimfiɗa tabarmi da ƙananan katifu, kowace da gidan sauronta, ga 'yan tsana da ɗalibai suka ɗinka da ragowar atamfa. Mata biyu ke kula da yaran, ɗayar dattijuwa ce daga unguwar Gwallaga, sa'ar Inna. Inna ta shiga kamar wadda aka aiko bincike. Ta danna katifa, ta buɗe tulun ruwa ta shinshina, ta leƙa bayan ƙofa, har faratan dattijuwar sai da ta duba da wayo lokacin da suke gaisawa. Ta tambayi wa yake dafa abincin yaran, ta tambayi abin da ake yi idan zazzaɓi ya kama yaro, aka nuna mata asibitin ta taga. Madam ta ce lokacin da ita take ɗaliba, gindin mangwaro take barin ɗanta wurin wata mai sayar da lemo ta shiga jarrabawa, rabin hankalinta a takarda rabi a waje, shi ya sa ta matsa sai da aka buɗe wannan ɗakin. Inna ta saurare ta har ƙarshe, sannan ta ce, "Mun gani. Allah Ya kai mu gobe."

A Ƙofar Wambai muka sauka, gidan wata ƙanwar Inna, maiɗakina ma ta nemi izini ta biyo mu. Tsohuwar unguwa ce, lunguna matsattsu, zaure na kallon zaure, wanda bai san wurin ba sai ya shiga gidan mutane yana zaton hanya ce. Da safe aka aiko mana da masa. Na sha jin mutanen Bauchi suna cika baki da masarsu ina ɗauka son kai ne, to na janye maganata. Bayanta a soye, cikinta kamar auduga, ga miyar taushe da ƙuli a gefe.

Wurin cin masar nan Inna ta kafa doka. Ta ce yau babu mai ba Takwara ko ruwa sai uwarta. Ta zaunar da surukarta kusa da ita, gwiwa na taɓa gwiwa, yarinyar tana kan cinyar Inna, uwar tana gutsuro masa tana miƙa mata. Da farko Takwara ta ture hannun. Aka sake, ta karɓa ta yar. Yunwa dai ta yi aikinta, can sai ta buɗe baki. Tana ci Inna tana zame ta kaɗan-kaɗan, har rabin jikinta ya koma cinyar uwar ba ta sani ba.

Muka koma kwalejin, maiɗakina ta shiga aji, Inna ta zauna a ɗakin reno tana karanta wa dattijuwar Gwallaga halin Takwara. Kokonta da tsamiya take so. Ba a jijjiga ta idan za ta yi barci, bubbuga bayanta ake yi. Tana tsoron zakara. Dattijuwar tana ta cewa to, to, ba ta nuna gajiya ba, ni kuwa ina bakin ƙofa ina mamakin abubuwan da ban sani ba game da 'yar cikina.

Dab da azahar aka tashi daga aji. Maiɗakina ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin ba ta shigo ba, ina jin tsoron abin jiya take yi. Takwara tana wasa da wata 'yar tsana, ta ɗaga kai ta gan ta. Sai ta dafa bango ta miƙe, ta tafi tana tangaɗi, ta je ta kama gefen farar rigar.

Inna ta tashi a hankali ta fita. Na same ta a inuwar bango tana goge ido da bakin mayafi, ta ce hasken rana ne ya dame ta. Da ta natsu ta ce in kira mata surukarta.

"Kayan da kika haɗa, ki je ki kwance su."

"Inna…"

"Ki kwance. Ki gama abin da ya kawo ki, kya dawo ki riƙa auna ni a gida."

Sai da Takwara ta yi barci muka fito, Inna ta ce ba za ta iya sallama da ita ido biyu ba. Maiɗakina ta rako mu har bakin titi riƙe da jakar Inna. Inna ta dafa kanta ta yi mata addu'a mai tsawo, mai keke yana jira bai ko danna oda ba.

A hanyar dawowa Inna ba ta yi faɗa da kowa ba, abin da ya ɗan tayar mini da hankali. Ta zauna a gefen taga, hannuwanta a kan cinya, ta juya su nan ta juya su can kamar ta rasa inda za ta ajiye su. Ana kiran magariba muka shiga Azare. Gidan ya yi mana faɗi.

Na bar gida ina ganin hanya biyu ce kawai, ko 'ya ko karatu, kuma dole ɗaya ta faɗi. Ashe mu uku muna ta wahala, kowa ya yi shiru don kada ya ɓata wa ɗan'uwansa, alhali ga wasu mata can sun share sito sun shimfiɗa katifu suna jiran a kawo musu yara. Duk mai 'ya ko mata ko ƙanwa a makaranta, idan ya ji muryarta ta canza a waya, ya daure ya je da ƙafarsa ya gani, ya kuma tambayi abin da makarantar ta tanada. Wani taimakon yana nan a ajiye, kunya ce take hana a nema.

Washegari ina shirin fita shago sai ga Inna a ƙofar ɗakina da wayarta a hannu, ita da ko amsa kira sai an danna mata. Ta miƙo mini ta ce, "Zauna ka koya mini wannan da ake ganin mutum a ciki. Kuma ka bi a hankali, don ni zan riƙa yi da kaina."