Jajen Kaji

Mu goma sha ɗaya ne a ƙungiyar, duk matan aure a Paki, har da tsohuwar da muke kira Goggo, wadda ita ta tara mu tun farko. Ba mu da gidan kaji na haɗaka. Tare muke sayo 'yan tsaki da buhunan abinci daga Zariya, mu raba, kowa ta kai nata akurkin da ke bayan ɗaki. A shekarar da nake magana, wani mai gasa kaji a Makarfi ya yi alkawarin kwashe su gaba ɗaya ana jibi ƙaramar salla, amma sai in za su cika mota. In ba su cika ba, ya ce ba zai ƙona mansa ba. Shekara uku muna neman irin wannan mai saye, don a kasuwa ɗaiɗai ake ɗauka, ke kina jira kaza tana ci.

Ni aka tura Ikara horon kwana biyu, saboda na taɓa sakandare. Abu ɗaya malamin dabbobi ya yi ta nanatawa: a ajiye robar ruwan magani a bakin akurki, mai shiga ta tsoma takalminta, kuma in kajin wata suka kamu, kada a taka gidanta a koma na wata. Na dawo ina ji da kaina, na zayyana musu a taro. Wata ta ce, "Wato yanzu sai mun wanke ƙafa kafin mu ga kaza, kamar masu shiga ɗakin amarya?" Aka yi ta dariya. Duk da haka kowa ta sayi roba.

Kajin na da sati biyar, azumi ya kai goma, aka wayi gari na Goggo sun fara tsugunawa. Farin kashi, wuya a murɗe, takwas sun mutu kafin hantsi. A garinmu ko akuyarki ce ta ɓace sai an zo miki jaje, balle wannan. Bayan azahar muka zura hijabai muka ɗunguma gidanta, har da ni.

"Ku shigo ku gani da idonku," in ji Goggo, tana riƙe da ƙyauren akurkin.

Robar tana nan a bakin ƙofa, amma dawa ce jiƙe a ciki. Mata suka shiga suna salati. Wannan ta ɗaga kaza ta buɗe mata baki, waccan ta ce a jiƙa maɗaci, wata ta ce barkono. Ni ina tsaye, na san abin da ke faruwa sarai, kamar ina kallon yaro ya nufi rijiya. To amma da wane baki zan ce wa matar da ta yi mini wankan jego gidanta ya zama abin gudu? Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Allah ya tsayar nan, Goggo." Daga nan ni ma na sunkuya na shiga.

Da muka fito wata ta ce mu leƙa na maƙwabciya mu ga ko lafiya. Daga can muka leƙa na gaba. Gida shida muka zaga da silifas ɗin nan, muna barka da cewa sauran ƙalau suke. Nawa ne na ƙarshe, kuma da hannuna na buɗe musu. Har yau in na tuna sai in ji haushin kaina.

Cikin kwana goma ba gidan da ba a haƙa rami ba. Na kira malamin a waya, yana Hunkuyi. Ya ce ba abin da zai iya, a binne matattun, a rufe ƙofa. Sai ya ce, "Hajiya, ba ki faɗa musu ba ne?" Na ce na faɗa. Mai gasa kajin kuwa da ya ji abin da ya rage ko kwandon babur ba zai cika ba, ya ce Allah ya mayar da alheri, ya kashe waya.

Nawa ne suka kamu a ƙarshe. Ba wadda ta zo mini jaje, don zuwa lokacin kowa ta gane a takalmanmu muka raba ciwon. Goggo kaɗai ta zo, da rana tsaka, da azumi a bakinta. Na leƙo na gan ta a ƙofar zaure ba takalmi, ta baro shi can tsallaken hanya, tana ɗaga ƙafa ɗaya tana sauke ɗaya saboda zafin ƙasa.

"'Yar nan, ya haƙuri? An ce ni na raba muku ciwon."

"Ba ke ba ce, Goggo," na ce. "Haka Allah ya so."

Ta tsaya tana jira. Na san me take jira, tabarma da inuwa, abin da ban taɓa hana ta ba. Amma saura kaji bakwai masu rai a bayan ɗakina, sai na tsaya a bakin zauren, ban ce ta shigo ba. Ta ce in gaida maigidan, ta juya a hankali ta tsallaka ta ɗauki takalminta.

Bakwan nan ma ba su ga salla ba. Goggo ba ta ƙara kiran taro ba, kuma har yau in ta zo gidana a ƙofar zaure take tsayawa, ko na ce ta shigo.