Mai Karanta wa Masu Naɗin Taba

A masana'antar naɗa taba ta garinmu, can yammacin Kuba, akwai mutumin da bai taɓa naɗa ko kara ɗaya ba, amma ranar da bai zo ba sai zauren ya koma kamar gidan makoki. Sunansa Don Evaristo Quiñones, shi ne makarancin zauren. Aikinsa ya hau ɗan dandamali a gaban masu naɗi ya zauna kan kujera, da safe ya karanta musu jarida, da rana littafin labari, su kuwa hannu na kan ganye, kunne na wajensa. Tun yana saurayi ma'aikata suka zaɓe shi, don muryarsa tana kaiwa teburin ƙarshe ba tare da ya ɗaga jijiyar wuya ba. Yana kan kujerar nan ya yi aure, a kanta ya yi furfura, daga kanta aka sauko da shi ranar da matarsa ta rasu.

Sai ido ya fara gudunsa. Ƙananan baƙaƙe suka fara ɓacewa, daga baya shafin duka ya koma dishi-dishi. Makarancin da ba ya gani kuwa cewa za a yi ya je gida ya huta, kuma ba abin da Don Evaristo ke tsoro a duniya kamar hutun nan. Ya ja bakinsa ya yi gum. Da sassafe ya kasa kunne ga rediyo ya haddace labarai, ya zo ya shimfiɗa jarida a gabansa yana zubo su. Da rana ya buɗe littafi ya riƙa ƙago labari da ka, yana juya shafi kamar gaske. Abin da har gobe yake ɗaure min kai, shekaru yana haka bai taɓa rikita sunan mutum ɗaya a labarinsa ba, wanda ya kashe a farko kuma bai taɓa tasowa a tsakiya ba.

Ana nan sai ga wata malama daga jami'a, Migdalia Ferrer, mai binciken halayyar mutane a wurin aiki. So take ta gano abin da ya sa a zauren nan ba a cika faɗa ba, ba a kuma cika barin aiki ba. Ta samu lungu ta zauna tana kallo, kallon da ya hana Don Evaristo jin daɗin kofinsa. Daga baya ta riƙa kiran ma'aikata ɗaya bayan ɗaya cikin ɗakin ajiyar ganye, su rufe ƙofa su tattauna. Da aka zo kansa, ya shiga ya rufe ƙofa.

"'Yata, kar ki wahalar da kanki," ya ce. "Kin gani, ko?"

"Baba, ai ni ce ta ƙarshe da ta gani."

"Kamar yaya?"

"Ba zan kama sunan kowa ba. Amma duk wanda ya shigo ɗakin nan sai ya rage murya ya ce min, Malama, akwai abin da ni kaɗai na sani, don Allah kar saura su ji, sauke shi za su yi."

Don Evaristo ya lalubi buhun ganye ya zauna. "Dukkansu?"

"Ba wanda ya tsallake."

"Har manaja?"

"Na ce maka ba zan kama suna ba." Ya ji murmushi a muryarta. "Na daɗe ina binciken abin da ke riƙe mutane a wurin aiki, Baba. Ban taɓa ganin jama'a sun ɗauki kaya ɗaya, kowa na zaton shi kaɗai ke ɗauke da shi ba. Wallahi tsigar jikina tashi take yi."

Kunya ta kama shi, da wani abu da ya fi kunya nauyi. Mutanen da suka rufa masa asiri haka, ya ga bai kamata ya ci gaba da yi musu ƙarya ba, ko da kujerar za ta tafi. Washegari da rana ya hau dandamali, ya rufe littafin, ya cire tabarau.

"Jama'a, akwai maganar da ya kamata in..."

"Kai tsoho!" Eneida ce, dattijuwar teburin gaba, wadda bakinta ya fi wuƙar aikinta kaifi. "Wa ya ce ka rufe littafi? Jiya ka bar yarinyar mutane a bakin teku da jariri a hannu, yau za ka tsaya yi mana wa'azi?"

"Buɗe mana, Baba!" wani ya kwaɗo daga baya. "Kar shafin ya ɓace maka!"

"In ya ɓace ni zan nemo masa," in ji Eneida. "Na san inda muka tsaya."

Don Evaristo ya mayar da tabarau, ya buɗe littafin inda hannunsa ya faɗa, ya gyara murya har sau biyu. Duk faɗin zauren ba wanda ya ɗago kai daga ganyensa, don kar ya ga hawayen tsohon.